Hannun Daman Mai Jifa

Ranar da na fara ganin mutumin, da hannun hagu ya miƙa wa Mama kwanon da ya gama cin tuwo a ciki, ita kuma ta karɓa. Ina tsaye a bakin rumfarta ta sayar da abinci a Samaru, na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Palladan, na zuba kunne in ji ta yi masa tsawar da na sani. Shiru kake ji. Har da wani “ko in ƙaro miya?”

Wanda bai san Mama ba zai ce mene ne abin mamaki a nan. To, ni bahaguwa aka haife ni. Ina ƙarama, in za a ci abinci, Mama kan ɗaure mini hannun hagu da gefen zani, in kuwa ya suɓuce ya kai kwano, ludayi ke sauka a kansa. Da kuka da majina na koyi rubutu da dama, har yau rubutun nawa kamar tafiyar kaza yake. Ɗaliban jami'a da ke cin abinci a rumfar ma ba su tsira ba. Wanda duk ya miƙo mata abu da hagu, sai ta harɗe hannuwa ta kafe shi da ido har ya gane da kansa. Wannan matar ce na ga ta karɓi kwano daga hagun wani ƙato, tana murmushi. Gaskiya abin ya ci mini rai, kuma tun a nan na ɗora masa alamar tambaya.

Dogo ne, ya ba shekara sittin baya, furfura ta cika masa haɓa. Lokacin bazara ne, zafi na neman gasa mutane, amma shi yana da wata rigar sanyi mai kauri. Ba sa ta yake yi kamar kowa ba. Hannun dama kaɗai yake zurawa a ciki, sauran rigar ya bar ta tana reto a bayansa. Da ya tafi na tambayi Mama ko wane ne.

“Mai Jifa ne. Ɗan unguwar Muchia ne a Sabon Gari, iyayensa daga kudu suka zo tun zamanin jirgin ƙasa. Ya daɗe a ƙasar waje, wasa yake yi.”

“Wane irin wasa?”

“Besbol. Wanda ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya buga da sanda. Shi ne mai jefawar. An ce babu kamarsa.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

Na ce to. Na san “mutane” ɗin nan, ba su da gida ba su da unguwa.

Tun da Baba ya rasu ya bar wa Mama gidanmu na Samaru da ɗakunan haya na ɗalibai a ciki, maza masu tausayin gwauruwa suka yi ta ɓullowa. Akwai wanda ya zo da wa'azi, akwai wanda ya zo da maganin ciwon gwiwa, duk idonsu na kan ɗakunan. Ni na kore su ɗaya bayan ɗaya, kuma Mama ba ta taɓa hana ni ba. Amma wannan bai kalli ɗakunan ba ko sau ɗaya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya fara zuwa cocinmu, yana zama a bencin da ke bayan zumuntar mata. In an tashi, da hagu yake gaisawa da kowa, har fasto. Mama kuwa ta fiddo wani ɗankwali da ban ga ta ɗaura ba tun Baba na da rai. Kafin in farga, ta zaunar da ni ta ce mutumin yana so ya kawo gaisuwa wajen Kawu, yayanta, kuma ita ba ta ƙi ba.

Ban ga ta zama ba. Ranar Asabar na hau keke-napep zuwa Sabon Gari, na shiga layin masu kayan mota, inda tsofaffin 'yan unguwar suke. Ban ma gama tambaya ba wani dattijo ya ture akwatin fulogi gefe ya gyara zama.

“Mai Jifa? Tare muka taso! Yaron nan in ya nuna maki mangwaro a ƙololuwar bishiya a kwatas ɗin reluwe, wannan ɗin zai kaɗo, ba na kusa da shi ba. Wani Bature malamin makaranta ya gan shi, shi ya tafi da shi Amurka.”

Na gaba da shi ya ce ƙarya ne, ba malami ba ne, fada ne na coci, kuma ba mangwaro ba ne, shaho ne ya sure ɗan tsako, yaron ya sauko da shi da dutse ɗaya, ɗan tsakon ya faɗo da ransa. Suka kaure da musu, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa, kowa na rantsuwa. Wani na cewa a Amurka in ya yi jifa ba a ganin ƙwallon sai dai a ji ƙararta a hannun mai cafewa. Wani na cewa sandar mai bugu ta sha karyewa biyu. Na bari suka lafa, sannan na tambaya wanda ya taɓa ganinsa yana wasan, ko da a talabijin ne. Kowa ya kalli ɗan'uwansa. Dattijon farko ya ce ai lokacin ba a nuna irin wannan wasa a nan.

Da zan fita, wata tsohuwa mai sayar da gari da busasshen kifi ta yafito ni. Ta rage murya ta ce ita ta san uwarsa. Ta ce ba banza ba yaro zai riƙa jifa haka, an yi masa aiki a hannun tun yana goye, kuma irin wannan aiki da sharaɗi yake zuwa. “Kin taɓa ganin ya buɗe shi? To, ki tambayi kanki.” Ni malamar makaranta ce, ina koyar da kimiyya a aji biyar, ban yarda da irin waɗannan maganganu ba. Amma duk hanyar komawa Samaru maganar tsohuwar nan ce ke yawo a kaina. In ba laya ba ce, to zanen 'yan ƙungiyar asiri ne, ko tambarin gidan yari, ko wata cuta. Mutum ba ya lulluɓe hannu cikin bazara don nishaɗi.

Na sa wani ɗalibin gidanmu ya bincika mini a waya. Ya daɗe yana latse-latse, daga baya ya nuna mini wani tsohon hoto na 'yan wasa sun jeru da huluna. A layin baya akwai wani dogon baƙin mutum, hula ta rufe masa rabin fuska, sunan da ke ƙasa kuma ya yi kama da nasa amma ba haka ake rubuta shi ba. Ɗalibin ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Anti, fifti-fifti ne fa.” Ban ƙaru da komai ba.

Sai na tunkari mutumin da kaina. Na same shi a rumfa da la'asar, Mama ta shiga gida ɗauko miya. Na zauna a bencin da ke fuskantarsa, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

“Baba, a Sabon Gari an ce kai ne gwanin duniya.”

Ya yi dariya har da tari. “'Yata, 'yan Sabon Gari sun fi ni sanin tarihina. Ban taɓa buga wasa a babban rukuni ba. Na kai bakin ƙofa dai, na leƙa.”

Hausarsa tsaf, sai dai irin ta da ce, wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Ya ce shekarunsa na ƙuruciya duk a cikin bas suka ƙare, daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, ana biyansu abin da ba zai isa aure ba. Daga Amurka ya gangara Meziko, daga can ya bi duk inda aka kira shi. Ya ce mai jifa kan tsaya a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili shi kaɗai, abokinsa na tsugune can gaba yana yi masa alama da yatsu, a tsakaninsu ga mutum da sanda wanda abincinsa ke nan ya karanta abin da ke ranka. Ƙarfi kaɗai ba ya yi, sai ka iya sa ƙwallon ta taho kamar za ta miƙe, ta zo gab ta faɗi. Ya ce akwai shekara guda da komai ya zauna masa, masu bugu suka yi ta dukan iska, jama'a na tashi tsaye in ya fito, har manyan suka aiko mutum ya zo ya kalle shi. A gaban wannan mutumin ne, ana tsakiyar wasa, ya ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar hannunsa.

“Aka tsaga, aka ciro jijiya daga wani wuri aka ɗinka. Na koma na ƙara wasu shekaru, aka sake tsagawa. Tun muna yara a wasan ake koya mana, hannun jifa ba naka ba ne. Ba ka ɗaukar kaya da shi, ba ka musabaha da shi, ba ka kwana a kansa, in ka zauna ka rufe shi kada ya huce. Abin ya bi jikina.”

Labarin ya tsaru, kuma tsaruwar tasa ce ba ta kwanta mini ba. Maƙaryacin da bai ƙware ba shi ke cika baki. Wanda ya ƙware yakan rage labarin da kansa, ya bar wasu su ƙara masa gishiri.

“To, buɗe hannun in gani.”

“Ba kayan kallo ba ne.”

“To, yi jifa ɗaya. Ga dutse nan.”

Ya dubi dutsen, ya dube ni. “Na gama jifa, 'yata.”

Da yamma na ce wa Mama mutumin nan ba shi da shaida ko ɗaya, ba kofi, ba riga, ba hoton da za a gane fuska, sai baki. Ta ci gaba da tsince wake kamar da bango nake magana. Na ce mata ni ta fasa wa yatsu a kan hagu, amma baƙo ya zo yana miƙa mata hagu tana washe baki. Nan ta ɗago ta kalle ni. Sai cewa ta yi, “Ke dai yi ta bincikenki.”

Na kuwa yi. Na je ƙauye wajen Kawu na zayyana masa komai, har da maganar tsohuwa mai kifi. Kawu manomi ne kuma dattijon ikilisiya, mutum ne da in ya ce a'a, ko fasto sai ya bi ta bayan gida. Mama ba za ta taɓa yin aure ba tare da yardarsa ba, duk da jikokin da take da su, wannan kowa ya sani. Ya saurare ni yana murza gemu, ya ce in bar masa.

Aka sa ranar gaisuwa, wata Asabar da rana, a tsakar gidanmu ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mai Jifa ya zo da dattawa biyu daga Sabon Gari, ɗaya ma shi ne mai labarin shaho. Ya sa farin kaftani sabo, amma rigar sanyin nan na nan a hannun dama. Mama na ɗakin girki kamar yadda ya kamata, ni ke kai ruwa da kawowa. Ɗalibai duk sun maƙale a tagoginsu, wai karatu suke yi. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe. Da yake ba shi da uba ko wa a raye, shi da kansa ya tashi ya ɗauki tiren da aka jera goro da gishiri da turmin zani, ya durƙusa a gaban Kawu, ya miƙa. Da hagu.

Kawu ya mayar da hannuwansa cikin riga.

“A gidan nan ba a karɓan abu da hagu. Ka zo neman ƙanwata, ka miƙo wa yayanta kaya da hannun da ake shiga bayan gida da shi?”

Dattawan suka fara ba da haƙuri, mai labarin shaho na cewa ai wannan hannu ne mai daraja, duniya ta san shi. Kawu ya ce shi bai san shi ba. Ya sunkuya ya tsinci ɗanyen mangwaro da ya faɗo, ya nuna wani tsohon gwangwanin madara da ke kan katanga can ƙarshen gida, kusa da tankin ruwa.

“An ce jifa ne sana'arka. In gaskiya ne, fiddo hannun, kaɗo mini gwangwanin can, in karɓi kayanka ko da ƙafa ka miƙo. In ba haka ba, kwashe tirenka.”

Abin da nake so ke nan tun farko, kuma na matso don kada komai ya wuce ni. Mai Jifa ya ajiye tiren a kan tabarma. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe, ya zare rigar sanyin, ya naɗe hannun kaftanin har kafaɗa. Babu laya, babu zane. Hannun ya fi na hagun siranta, a lanƙwashe yake ba ya miƙewa, ga wani dogon tabon ɗinki a cikin gwiwar, wani kan wani. Na ce a raina tabo ai ko hatsarin babur na bayarwa.

Ya karɓi mangwaron. Abin da na gani daga nan shi ne har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Bai kalli mangwaron ba, yatsunsa ne kawai suka juya shi suka zauna a kansa kamar yadda hannun Mama ke zama a kan muciya. Ya juya gefe, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya dubi gwangwanin ta kan kafaɗa, fuskarsa ta zama ta wani mutum da ban sani ba. Ya ɗaga ƙafar hagu har gwiwa ta kusa taɓa ƙirjinsa, tsoho mai furfura, bai ko girgiza ba. Amma da hannun ya fara tafiya baya, sai na ga gumi ya keto masa, ya cije leɓe har jini ya fito. Na gane cewa zai jefa ɗin da gaske, ko me zai tsinke.

“Ajiye shi!”

Mama ce a ƙofar ɗakin girki, hannunta duk gari. Ta ratso tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta cire mangwaron daga hannunsa ta yar. Saboda haka ban ga jifar ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban taɓa ganin ya jefa ko da ƙwallon goriba ba. Ko shi ne na cikin hoton, ko ba shi ba ne, ban sani ba.

Kawu ya daka mata tsawa, ya ce ta koma ciki. Ba ta koma ba.

“Yaya, ranar da ya fara zuwa rumfata, da dama ya miƙo mini kwano, don ya san al'ada, a garin nan aka haife shi. Kwanon ya suɓuce ya fashe, shi kuma ya zauna a ƙasa yana riƙe da gwiwa, hawaye na zuba, a gaban yara. Ni na ce masa daga ranar ya riƙa ba ni da hagu. Likita ya faɗa masa in ya sake jifa, ko cokali ba zai ƙara ɗagawa ba. Yanzu saboda ni za ka sa ya ƙarasa hannun?”

Kawu ya ce shi bai ga jifa ba, kuma al'ada al'ada ce, ba zai karɓa ba. Ya kau da kai.

Mama ta tsaya tana kallonsa. Na san ta, na san ba ta taɓa ƙetare maganar Kawu ba tun tana budurwa, na kuma ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai ta goge hannuwanta a zani, ta ce wa Mai Jifa ya ɗauko tiren. Ya ɗauko da hagu. Ta mayar da hannunta na dama baya, ta miƙa hagu, ta karɓa a gaban yayanta da dattawa da duk ɗaliban da ke taga.

Can Kawu ya ce, in ita ta karɓa, shi me zai ce, ai ba yarinya ba ce. Mai labarin shaho ya fara tafi shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi, ya daina.

Tiren na da nauyi, gishirin kaɗai ya isa, ya fi ƙarfin hannun Mama ɗaya. Ta juyo ta neme ni da ido.

“Zo ki kama mini.”

Raina a ɓace yake, don ban samu amsar da na fita nema ba, kuma ban yarda na daina sa wa Mai Jifa ido ba. Amma na matsa, na miƙa hannun dama kamar yadda ta koya mini da ludayi. Ta janye tiren kaɗan. Ta dubi hannuna na hagu da ke rataye a gefe, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“Ba wannan ba. Kama da wanda Allah ya ba ki.”